Na'urar Da Ke Tona Asirin Tarin Fuka Mai Taurin Kai

Duk direban da ya saba hanyar Ikko zuwa Sakkwato ya san Kontagora, don nan ake yada zango bayan an wuce Jebba da Mokwa. To, ba kola da shanu kaɗai ke bin wannan hanya ba, har da tarin fuka, wato tibi.

Ga yadda abin ke faruwa. Mutum ya fara shan magani a Agege ko Sabon Ibadan, ya yi wata biyu, tari ya lafa. Damina ta faɗi, sai ya ɗaure kaya ya nufi gona a Rijau ko Mariga, ya watsar da sauran wata huɗun. Ƙwayoyin cutar da suka tsira su ne masu taurin kai. In tarin ya komo, rifamfisin, wanda shi ne uban magungunan tibi, yana iya ƙin cin su, kuma irinsu iyalinsa za su shaƙa.

A da, madubin asibiti yakan nuna akwai ƙwayar cuta, amma ba ya faɗin ko tana jin magani. Sai an rene ta a ɗakin bincike wajen mako shida zuwa takwas. Kafin nan kuwa mai tari yana ta haɗiyar maganin banza.

A watan Disamba na 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wata na'urar Amurka mai suna GeneXpert. Ana zuba kakin mai tari cikin wani ɗan kwanso, ita kuma ta karanta ƙwayar halittar cutar, ta duba wurin nan da ke sauyawa in ta bijire wa rifamfisin. Cikin awa biyu amsa ta fito. A 2016 Nijeriya ta mai da ita gwajin farko ga wanda ake zato yana da tibi. Sai dai 'yar gata ce, tana son lantarki tsayayye da ɗaki mai sanyi, shi ya sa ƙananan asibitocin ƙauye ke aika kaki inda take.

Maganin mai taurin kai a da yakan kai wata 20, ga allurai masu kurmantar da mutum. Tun 2022 hukumar ta yarda da na haɗiya na wata shida. Gwaji da magani duk kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati, kuma mai shirin tafiya gida yana iya karɓar takarda ya ci gaba da sha a Kontagora.