Gashin makaroni da nama da cukun Damargu

A birnin Bolonya na ƙasar Italiya ana jera faffaɗar taliya da niƙaƙƙen naman shanu da cuku hawa-hawa, a gasa, ana ce masa lasagna. Ni dai ina ganin girkin nan ya dace da Damagaram. Garin da ayarin Tarabulus ya riƙa sauke kaya a Zangonsa a zamanin Sarki Tanimun ba zai ji tsoron tukunyar baƙi ba, kuma kusan duk abin da ake bukata yana nan Kasuwar Dole.

Uwargida, ki sa mahauci ya niƙa miki rabin kilo na naman shanu, kada ya cire kitsen duka. Ki soya albasar Galmi da tafarnuwa, ki zuba naman har ya yi ja, sannan tumatir, gishiri da garin tattasan Diffa. Ki rage wuta ya yi kamar minti 40, har miyar ta kama jikinta. Makaroni kuwa, wanda zai maye gurbin faffaɗar taliyar, rabin dahuwa za a yi masa, domin zai ƙarasa a wurin gashi.

Cuku shi ne inda magana take. Namu, wanda matan Buzaye da Fulani ke shanyawa a kan tabarmi ake kawo shi daga wajen Tanut a Damargu, ba ya narkewa ya yi yauƙi irin na kanti. Wannan ya sa wasu ke cewa bai dace ba, ni kuwa ban yarda ba. Su ma Italiyawa suna da busasshen cuku mai tauri, Parmigiano, da sai ya kwana aƙalla wata 12 kafin a sayar, kuma gurza shi suke yi. To namu a daka shi a turmi ya zama gari. Laushin kuma madara ce za ta kawo shi: ki narka man shanu cokali 2, ki juya fulawa cokali 2 a ciki, ki riƙa tsiyaya rabin litar madara kina motsawa har ta yi kaurin kunu. Rabin garin cukun ya shiga nan. Ɗan tsaminsa da ƙanshin nono su ne ke ɗaga naman, kuma kuɗinki ya tafi hannun makiyaya.

Sai jeri: miya a ƙasa, makaroni, farar miyar madara, a maimaita, a barbaɗe sauran cukun a sama. Mai murhun gashi na gas ta sa shi a zafin digiri 180 na minti 30. Wadda ba ta da shi ta ɗora tukunyar dalma a kan garwashi kaɗan, ta zuba garwashi mai yawa bisa murfi, don wutar sama ce ke sa fuskar ta yi ja. Idan aka sauke, a bar shi minti 10 kafin a yanka, in ba haka ba sai ya warwatse a faranti.