Sikawut: Tarihin da wani ƙaramin gida a Kenya ya adana

A garin Nyeri da ke kusa da Dutsen Kenya, akwai wani ɗan ƙaramin gida da ake kira Paxtu, wanda aka mayar da shi gidan tarihin ƙungiyar 'yan sikawut.

A nan ne Robert Baden-Powell, hafsan sojan Birtaniya da ya kafa ƙungiyar, ya ƙarasa rayuwarsa. Ya mutu ranar 8 ga watan Janairun 1941, aka kuma binne shi a garin.

A kan dutsen kabarinsa an zana da'ira da ɗigo a tsakiyarta, alamar da 'yan sikawut kan bari a hanya domin sanar da na baya cewa sun koma gida.

A ranar 22 ga watan Fabrairu, wato ranar haihuwarsa, 'yan ƙungiyar kan yi dafifi zuwa Nyeri. Sai dai dangantakar sikawut da nahiyar Afirka ta girmi wannan kabari, kuma ba a fagen zaman lafiya ta soma ba.

Daga fagen fama

Kafin ya kafa ƙungiyar, Baden-Powell ya shafe shekaru yana yaƙe-yaƙen mulkin mallaka. Yana cikin rundunar da ta shiga Kumasi a 1896, inda aka tuɓe Sarkin Asante, Prempeh, aka kai shi gudun hijira.

Ya yi suna ne a yaƙin Turawan Boer na Afirka ta Kudu, lokacin da aka yi wa garin Mafeking ƙawanya na kwana 217, daga 1899 zuwa 1900. Yaran garin ne ke kai saƙonni a tsakanin dakarun, abin da ya ja hankalinsa ga irin aikin da matashi zai iya yi idan aka ba shi amana.

A watan Agustan 1907 ya tara yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila domin gwajin farko. Da ƙahon wata dabbar dawa mai kama da gwanki, wanda ya samo a yaƙin ƙasar Matabele, wato Zimbabwe ta yau, yake tashinsu da asuba.

Hatta duwatsun wuya na katako da ake rataya wa shugabannin sikawut da suka kammala horo, tun daga 1919, asalinsu wani abin wuya ne da ake dangantawa da Dinizulu, sarkin ƙabilar Zulu.

Wannan tarihi na daga cikin abin da ya sa a 2020 aka yi ta taƙaddama a kan mutum-mutuminsa da ke garin Poole na Ingila, har sai da hukumomi suka kewaye shi da katako na wani lokaci.

Shigowarta Najeriya

Ƙungiyar ta iso Najeriya a 1915, kuma ta makarantun boko ta yaɗu. Tun da yawancin makarantun kudancin ƙasar na 'yan mishan ne, kuma rantsuwar asali ta ƙunshi biyayya ga Sarkin Ingila, ba abin mamaki ba ne idan iyaye Musulmi suka yi ɗari-ɗari da ita.

Bayan samun 'yancin kai, Najeriya ta zama cikakkiyar wakiliya a ƙungiyar sikawut ta duniya a 1961.

A yau ƙungiyar na da mambobi fiye da miliyan 50, kuma ƙasar da ta fi kowace yawansu ita ce Indonesiya, wadda mafi yawan al'ummarta Musulmi ne. A Saudiyya ma, 'yan sikawut na cikin masu nuna wa alhazan da suka ɓace hanyar tantunansu a Mina da Arfa.

A arewacin Najeriya kuwa, matasa masu sanye da kayan sarki da jama'a suka fi sabawa da su su ne 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a 1962, da Fityanul Islam, da kuma Izala da aka kafa a Jos a 1978.

Duk da cewa tushensu dabam ne, tsarin ya yi kama: fareti, da muƙamai, da koyon taimakon gaggawa, da kuma tsare sahu a filin Idi da wuraren wa'azi.

Darasi ga bakin ruwa

Abin da ya sa tsarin ya karɓu a ƙasashen da ba su da wani abin alfahari da yaƙe-yaƙen Baden-Powell shi ne, kowace al'umma ta ɗauki horon ne ta ɗora shi a kan bukatunta. Tun a shekarun farko, garuruwan bakin teku na Birtaniya suka samar da reshen sikawut na ruwa, inda ake koya wa yara iyo, da tuƙin jirgi, da ceton wanda ruwa ke neman ci.

Irin wannan bukata na nan a masarautar Yauri ta jihar Kebbi. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tabkin ya zama babbar hanyar zuwa kasuwa ga al'ummomin Yauri da Ngaski da maƙwabtansu.

A watan Mayun 2021 wani jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 100 ya nutse a kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, kuma ƙalilan ne aka ceto da rai.

Hana lodi fiye da kima da tilasta sanya rigar kariya aikin hukuma ne. Amma a irin wannan haɗari, masunta da matasan da ke kusa da gaɓa su ne kan riga kowa isa wurin, kuma abin da suka sani game da farfaɗo da numfashin wanda aka tsamo daga ruwa na iya zama sanadin tsirarsa.

Yankin na da matasan da suka tashi da iya ruwa, yana kuma da ƙungiyoyin agaji masu tsari. Haɗa biyun a ƙarƙashin horo guda shi ne gadon sikawut da zai fi amfanar mazauna bakin Kainji.