Ƙurar da ɗan sanda ke yawo da ita a kwalba

Duk wanda ya taɓa cin ƙosai ya dafa gilashin mota a lokacin hunturu ya riga ya san rabin aikin masu binciken laifi. Da farko ba ka ganin komai. Kafin la'asar ƙura ta bi maiƙon ta zauna, sai ga yatsunka ɓaro-ɓaro har da zanensu. To, ko ba ƙosai, yatsa ba ya rabo da ɗan gumi da maiƙon da ya kwaso a goshi ko hanci, abin da ya dafa kuwa sai ya bar masa shaida. Ɗan sanda dai ba ya jiran hunturu. Da ƙurarsa yake zuwa, baƙar hoda ko ta alminiyam, ya bi wurin da buroshi mai laushi.

Rigimar tana ga inda ƙurar ta sauka. A kan farin faranti, baƙar hoda ras take fitowa. Amma a gwangwanin lemo ko takardar kuɗi mai launi barkatai, sai zanen yatsa ya cakuɗe da zanen kamfani, ka rasa na wa za ka bi.

Shi ya sa aka nemo ƙura mai haska kanta. Ka san farin garin nan da ke cikin dogon ƙwan lantarki idan ya fashe? Danginsa ce. Tana shan hasken da ido ba ya gani, ta amayo wanda yake gani. In ja ake so, a sa mata sinadarin yuropiyam. In kore, tabiyam. A shafa, a duhunta ɗakin, a haska da irin fitilar da banki ke duba jabun kuɗi da ita, sai layukan su tashi tar, adon gwangwanin ya koma baya.

Sai dai farar takarda ma gwanar ƙyalli ce a ƙarƙashin wannan fitila, tana iya dushe yatsan. Nan aka je har Masar ta Fir'auna. A 2016 masana a Jami'ar Curtin ta Ostareliya suka niƙa shuɗin fentin nan da Misirawan dā ke ƙawata kaburbura da shi, suka shafa a kan kuɗin leda. Shi kuma aikinsa a juye yake: hasken da muke gani yake sha, ya fitar da infrared wanda ido ba ya kamawa. Mai binciken ba ya ganin ƙyallin da idonsa, sai ya ɗauko kyamara ta musamman, a allonta yatsan ke fitowa fari, adon kuɗin kuwa kusan duk ya ɓace.