Ƙyanƙyasar Ƙwai Da Inji A Gida: Kwana 21 Na Haƙuri

Masu iya magana sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Duk da haka ma'aikata da ɗalibai da dama sukan tsakuri albashi ko guzuri su sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa, sa'an nan a karon farko su kwashe bara-gurbi.

Kuskuren yakan fara tun daga zaɓen ƙwai. Ƙwan gidan gona da ake sayarwa don ci ba ya ƙyanƙyashewa, domin babu zakara a cikin kajin. Wanda ake bukata shi ne na kazar da ke tare da zakara, wanda bai wuce mako guda ba, kuma ba a wanke shi ba.

Injin yana maye gurbin kaza mai kwanci ne. Wajibi ne zafinsa ya tsaya kusa da digiri 37.5, a riƙa juya ƙwan aƙalla sau uku a yini, a kuma ajiye ruwa a ciki saboda danshi, musamman da hunturu. A rana ta 7 akan haska ƙwan da tocila cikin duhu. Wanda ba a ga jijiyoyin jini a cikinsa ba sai a fid da shi.

Daga rana ta 18 akan daina juyawa, a bar injin a rufe. A nan ne ɗoki kan yi ɓarna, domin yawan buɗewa yana busar da tantanin ƙwai, ɗan tsako ya maƙale ya mutu. Wanda ya kanne, a rana ta 21 sai ya ji kukan 'yan tsaki.