Katakon Cikin Jirgin Ruwa

Mutanenmu na bakin Kwara, daga Yawuri har Wara, sun saba da jirgin katako. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwan nan ya yi faɗi ƙwarai, in iska ta taso kuwa sai igiyar ruwa ta yi ta dukan jirgi. Mai sayen jirgi yakan duba gindinsa da gefensa ko suna yoyo. Amma kaɗan ne daga cikinmu suke duba katakon ciki, watau benci, da shimfiɗar ƙasa, da murfin akwatin kaya.

To, benci ba wurin zama kaɗai ba ne. Shi ne yake riƙe da gefe biyu na jirgi don kada su buɗe. In ya karye a tsakiyar ruwa, sai mutane su zube waje ɗaya, jirgi ya karkata. Daga nan sai kifewa.

Saboda haka mu nemi maɗaci domin benci. Yana da ƙarfi, ba shi da nauyi ainun, yana kuma riƙe ƙusa. Kada kaurinsa ya gaza inci 1. Mu duba katakon da kyau, gaba da baya. Idan akwai wurin da reshe ya fito a tsakiyarsa, mu ajiye shi, gama daga nan yake karyewa.

Shimfiɗar ƙasa ita ce kullum cikin ruwa da laka da ƙazantar kifi. Nan ne wurin ƙirya ko ƙawo, don ba su ruɓewa da sauri, gara ma ba ta cika son su ba. Suna da nauyi, gaskiya ne. Amma nauyin da yake ƙasa yana sa jirgi ya zauna daidai a kan ruwa, nauyin sama kuwa shi yake sa jirgi tangaɗi. Ƙirya tana da tauri har takan tanƙware ƙusa. Sai kafinta ya fara huda ta tukuna, don kada ta tsage.

Rimi fa? Rimi ba shi da nauyi, ga sauƙin sassaƙa, ga araha. Ya isa murfin akwati, in an shafa masa fenti. Amma kada mu yarda a yi mana benci da shi, ko da kafinta ya rage kuɗi. Yana shan ruwa, ya ruɓe. Kuka kuwa ba a ma maganarta.

Itatuwa da yawa suna da fari-farin nama daga bayan ɓawo, da mai duhu a tsakiya. Na tsakiya muke so. Farin nan shi ne abincin ƙwari, ko na ƙawo ne.

Kada kuma mu yi gaggawar aiki da ɗanyen katako. Sa'ad da ya bushe yakan tsuke, ƙusa ta yi sako-sako, benci ya kama rawa. Mu jera katako a inuwa, mu sa 'yan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Wanda aka yanka da kaka, a bar shi ya sha hunturu da bazara kafin a kai wa kafinta.