Baturen da ya ratsa Zurmi, ya ƙare da cin bashi a Kano

Duk ɗalibin da ya taɓa zaman jiran kuɗin gida zai gane halin da Heinrich Barth ya shiga. Wannan Bajamushe, da ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim, ya ratsa ta nan Zurmi a 1853, daga Katsina zuwa Sakkwato. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar don buɗe hanyar ciniki, amma sai da ya kawo fam 200 na guzurinsa, mahaifinsa ya biya. Kuɗin gwamnati kuwa sai sun keto Sahara daga Tarabulus, wata da watanni. Da ya dawo Kano a 1854 aljihu wayam, a Turai har an ɗauka ya mutu. Dole ya ci bashin fataken Gadamus, kuma fa da ruwa: ka ranci dubu, ka biya dubu biyu.