Kiwon kifi a tsakar gida: ki yi wa kayan canjin ruwa kabad nasu

A unguwanni irin Bobiel da ke nan Yamai, inda gidaje da dama ke da ɗan sauran fili, kiwon tarwaɗa cikin tanki sana'a ce da mace za ta iya yi ba ta fita ko ƙofar gida ba. Sai dai mai kiwon kifi, ruwa take kiwo tun da farko. Kashin kifi da ragowar abinci suna taruwa a ƙasan tanki, su ruɓe, su zama guba. Da kin ga kumfa a sama, wari ya tashi, kifi sun ƙi cin abinci, to ruwa ya lalace. Shi ya sa ake rage wani kaso, kamar kashi 1 cikin 3, a zuba sabo, kuma kifi na ƙara girma canjin na ƙara yawaita.

Wannan aiki yana da kayansa: tiyo, bokiti, ragar kamun kifi, buroshin wanke tanki, wasu har da ɗan injin jan ruwa. Ga kuma buhun abinci. A gidaje da yawa kayan nan zube suke a tsakar gida, kuma daga nan asara take farawa.

Bokiti ɗaya ya isa ya cinye jari

Ƴar uwa, bokitin da ke yashe a tsakar gida na kowa ne. Yarinya za ta ɗauka ta jiƙa wanki da omo, ta ɗauraye sama-sama ta mayar. Ki zo ki ɗebi ruwa da shi ki zuba a tanki. Sabulu, ruwan jabel da maganin sauro duk suna kashe kifi, kuma abin da zai yi ɓarnar bai taka kara ya karya ba. In da rancen asusu kika sayi ƴaƴan kifin, ranar biya ba za ta ɗaga ba don kifi sun mutu.

Rana ma ba ta bar kayan ba. A watannin Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, tiyon roba ya bushe ya tsattsage. Abincin kifi in ya sha danshi sai ya yi funfuna, ga ɓera ga kaji. Da damina kuwa, ɗan ruwan da ya kwanta a bokiti gidan sauro ne.

Yadda za ki haɗa shi

Ba sai sabon katako ba. A kasuwar Katako ana samun tsofaffin falankai, guntayen kwano, ƙusoshi da ragar waya. Kafin ki saya, ki tara kayanki wuri ɗaya ki auna su. Ga mai tanki ɗaya ko biyu, tsawon santimita 120, faɗi 80, zurfi 50 zai wadatar. Mai zarto da guduma za ta iya da kanta. Wadda ba ta saba ba ta kai wa kafinta awon, ta tsaya a yi a gabanta.

A raba cikin gida biyu. Sama na busassun kaya ne: abincin kifi cikin roba mai murfi, da littafin da kike rubuta ranar canjin ruwa da abin da kika kashe. Ƙasa na jiƙaƙƙun kaya ne. Kada a rufe ƙasan da katako ruf, a jera siraran falankai da tazara don ruwa ya tsiyaye. A buga manyan ƙusoshi a ciki, a naɗe tiyo a rataye, bokiti kuma a kife shi. A yanka taga a gefe biyu a sa ragar waya, iska ta shiga, ɓera ya tsaya waje.

Ki ɗora kabad ɗin bisa bulo 4 saboda gara da ruwan damina, a yi masa fentin mai, a rufa samansa da kwano. Ki ajiye shi a inuwa kusa da tanki, ki ɗaure shi da bango kada yaro ya hau ya rikito da shi. In akwai injin lantarki, soket ya zauna can sama, nesa da ruwa, kuma kada jiƙaƙƙen hannu ya taɓa shi. Bokitin kifi a shafa masa jan fenti, kowa a gidan ya san ba na wanki ba ne.

Sai kwaɗo. Tun da ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, mun san darajar akwati mai makulli. Kayan da ke tsare ran kifinki su ma dukiya ce.

Ruwan da za ki zuba

Ruwan famfon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace a Gudel, a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta. Mu yana tsare mu, kifi kuwa yana ƙona musu matsatsa. Ki tara shi a duro ya kwana ya wuni kafin ki zuba. Duron nan shi ne madogararki ranar da famfo ya ɗauke. A rufa bakinsa da raga mai ƙarfi a ɗaure, tankin ma haka, don ɗan ƙaramin yaro yana iya nutsewa ko a ruwan bokiti. Ki yi canjin da sassafe ko da marece, kada ruwan da ya sha rana ya gigita kifi. Tsohon ruwan kuma taki ne, ki juya tiyo wajen zogale da yakuwa.

A zaman asusu mai zuwa, masu kiwon kifi ku haɗa kai ku sayi katako tare, ku yi ciniki da kafinta ɗaya, kuɗin zai sauka. Wadda za ta ɗauki rancen tanki kuma, ta sa kuɗin kabad da duro cikin lissafinta tun daga farko. Allah ya sa albarka a nema.